Ƙararrawar Keken Kaka

"Lafiya lau, sai dai sammakonki ba ya zuwa da alheri," in ji Kaka, yana murza gwiwarsa a kan tabarma.

Jikarsa ce, wadda yake kira Ƙafar Yawo, ta durƙusa tana satar kallon kekensa da ke jingine a zaure. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da tsohon, gizo-gizo ke haya a jikin keken. Ita kuwa ta daɗe rabonta da yayarta da ke ƙauyen gaba, don babanta ya hana ta bin hanyar ita kaɗai, wai baƙi sun yi yawa yanzu.

"Maigidana, aron jakin ƙarfen nan na zo."

"Wane ne maigidanki? Ai na sake ki tun ranar da kika ƙona ruwan zafi."

"Asirinka nake rufawa. Wa za ta auri mai haƙori uku?"

"Ukun nan sun fi hankalinki ƙwari. Ke da akuya za ta yi atishawa ki faɗa kwata, ke ce za ki hau kekena?"

"Keken da ya girmi hanyar? Da ya hango gangara sai ya fara salati!"

"Ya girme ta mana. Shi ya sa kowa ya san shi."

Sai Kaka ya juya ya kalli keken. Wallahi kewar hanyar nan ta ishe shi. Mai faci na bakin gada, da mai injin niƙa, da tsohuwar da ke shanya a kan shinge, da sun ji shaƙaƙƙiyar ƙararrawarsa sai su ɗaga hannu tun ba su ga fuskarsa ba.

"Baba ya ce ba wanda ya san ni a hanyar," ta faɗa a hankali. "Ɗan Yaya har ya fara zama, ban taɓa ɗaukarsa ba."

"Wa zai san ki, da hanci kamar an taka kwaɗo? Amma sun san wancan." Ya lalubo makulli a aljihu ya jefa mata. "Kowace ƙofa ki buga ƙararrawa. In an leƙo, ki sauka ki gaishe su, ki ce jikar mai keken ce. Ubanki kuwa bar ni da shi, ni na haife shi."

Ta cafe, bakinta har kunne. "To, me zan kawo maka tsaraba, tsoho? Haƙori?"

Ya yi dariya har da tari. "Ja'ira! Riƙe haƙorinki. In kin dawo dai, ki zo ki faɗa mini su wa suka rage suna leƙowa."