Silin ɗin Motar Rilwanu Ya Rasu a Kan Surukarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da warin gam, iyalan Rilwanu Direba na Unguwar Ya, ƙaramar hukumar Birnin Kudu, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da dukkan 'yan tasha rasuwar silin ɗin motarsa, wato yadin nan ruwan toka da ke manne a rufin mota daga ciki, mai raba kan fasinja da zafin ƙarfe. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe sha biyu da rabi na rana, a ƙofar wani gidan suna a Kiyako. A kan mutum ya rasu. Kuma da ya tashi zaɓen kan da zai mutu a kai, duk faɗin Jigawa bai ga na kowa ba sai na uwar yarinyar da Rilwanu yake nema.

An haifi marigayin a ƙasar Turawa. Ya shigo ta Kwatano tare da motar da 'yan tasha ke kira Ƙanwar Jirgi, saboda ƙara, ba saboda gudu ba. Shekara shida ya yi yana hidima tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kuma kowa ya shaide shi da haƙuri. Ya sha man kan fasinja. Kaji sun mare shi da fiffike. Ƙahon rago ya taɓa soke shi ana gobe Sallah, bai ce uffan ba. Babu hular da ta shiga motar nan ba su gaisa ba.

Ciwon ya fara ne da daminar bara. Tumbi ya fara sauko masa ta baya, kaɗan-kaɗan, har ya kai idan an sauke gilashi sai ka ji shi yana faf-faf-faf kamar tantabara ta shiga ɗaki. Rilwanu ya yi jinya, Allah ya sani. Fil goma sha bakwai ya soka masa. Wata uku yana tuƙi da wuya a karkace don kada ya takura wa mara lafiya. 'Yan tasha suka ce ya fizge shi ya huta, ya ce Allah ya kiyaye, har ya kusa dambe da wani kwandasta da ya kira marigayin zanen goyo. A riƙe wannan da kyau, domin a san irin mutumin da aka ci wa amana.

To ga inda maganar take. Shekara biyu Rilwanu yana zarya Farin Dutse wajen Zuwaira. Babanta ya yarda, kawunnai sun yarda, ita kanta yarinyar ta yarda tun kafin a tambaye ta. Mutum ɗaya ta rage a sa rana, mahaifiyarta, Inna Ummussalma. Ita kuwa hujjarta guda ce, ta faɗa wa ƙanwar mijinta Gwaggo Zulfa, Gwaggo ta faɗa wa duniya: yaron nan komai nasa ɗaure-ɗaure ne, ƙofar motarsa da igiya, takalminsa da waya, ba ta ba da 'ya ga wanda ba ya gama aiki. Kwatsam ranar Lahadi sai ga saƙo, wai Rilwanu ya zo Talata ya kai Inna da Gwaggo wajen bikin suna a Kiyako. Ko akuyar gidan ta san jarrabawa ce. In Inna ta sauka da fara'a, a satin za a sa rana.

Rilwanu ya garzaya da mara lafiya wajen Ɗanbala mai gyaran kujerun mota. Ɗanbala ya tura yatsa ta wata ɓula, ya zaro shi da wani gari rawaya, ya ce soson da ke tsakanin yadi da allo ya mutu. Sai an kwance allon gaba ɗaya, an kankare soson tas, sannan a manna sabon yadi. Aikin kwana uku ne. Rilwanu ba shi da kwana uku. Abin da yake da shi waya ce, a cikinta kuma ga bidiyon wani Bature da gajeren wando ya gama wannan aikin cikin minti huɗu, har da kiɗa.

Daga nan sai shagon Sabo mai kayan gyara. Sabo ya ɗauko gwangwanin gam na feshi, ya goge shi da hannun riga, ya girgiza.

"Wannan? Ranka ya daɗe, ko aure ne ya mutu ka fesa masa sai ya tashi."

"Ba sai an kankare soson ba?"

"Kankarewa aikin mutanen da ne. Kai dai fesa, ka danna, ka yi tafiyarka."

Litinin da hantsi aka shiga tiyata a gindin darbejiyar ƙofar gida. An zare fil goma sha bakwai ɗaya bayan ɗaya. Tssss, tssss, gwangwani biyu cif, a kan ruɓaɓɓen soson nan yadda yake. Aka danna yadin, aka tokare shi da karan dawa da faifai shida na Yaya Barira, yayar Rilwanu. Da azahar aka janye karan, sai ga marigayi ya miƙe sumul kamar ranar da ya baro Kwatano. Rilwanu ya ɗauki hoto ya ɗora a waya, ya rubuta a ƙasa: Ɗanbala, ka huta. Mutum sittin da huɗu suka gani. Yanzu duk su ne shaidu.

Saura wari. Talata da sassafe Yaya Barira ta leƙa kai cikin motar, ta yi baya da sauri tana toshe hanci.

"Kai, Rilwanu! A cikin wannan za ka ɗauko Inna? Ai kafin ku fita gari ta ce ɗan sholisho ne ke neman 'yarta."

Ta shiga ɗaki ta fito da kasko, garwashi jajir, ta zuba turaren wutanta mai tsada wanda ko baƙin Kano ba ta kunna wa. Ta ajiye shi a ƙasa bayan kujerar direba, ta ce nan babbar baƙuwa za ta zauna, nan ya fi buƙatar ƙamshi. Aka ɗage gilasai huɗu, aka bar mota a rana awa guda. Iyalan mamaci ba su ga laifin Yaya Barira ba, don da zuciya ɗaya ta yi. Sai dai masana sun ce gam da zafi ba sa shiri, kuma daidai saman wannan kujera ya narke ya koma kamar ɗanyen ƙaro. Ƙamshi kam an samu. Motar ta tafi Farin Dutse tana tashi kamar ɗakin amarya.

A ƙofar gida Rilwanu ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna, idonsa a kan takalminta. Ta shiga baya, daidai bayansa, da sabuwar atamfa da ɗaurin ɗankwali mai tsayi wanda aka ce sai da mata biyu suka taya ta kafa shi. Zafi ya sa ta sauke gyale a kafaɗa. Gwaggo Zulfa ta shiga gaba. Shi kuwa, da yake ɗan gidan tarbiyya ne, ya sa hannu ya karkatar da madubin tsakiya ya kalli ƙasa, kada tsautsayi ya haɗa idonsa da na suruka.

Kafin su bar Farin Dutse Gwaggo ta yi barci, baki buɗe. Ranar Afrilu ta hau kan rufi ta zauna.

Maganar farko da marigayin ya yi a wannan tafiya ƙarama ce: ɓirrr. Rilwanu ya ɗauka cikin Gwaggo ne, ya kawar da kai don ladabi. Can kuma: ɓarrr. Inna ta yi gyaran murya. Ya ce a ransa gudu ne ya yi yawa, ya rage. Ta sake gyaran murya, da ƙarfi. Ya ƙara ragewa, har mai keke ya wuce su. Ita kunya ta hana ta yi wa saurayin 'yarta magana, shi kunya ta hana shi waiwaye, marigayi kuma da bai san kunya ba yana ta saukowa a hankali har ya samu wurin zama a kan ɗankwalin. Minti arba'in Inna Ummussalma tana ɗauke da rufin mota a ka, kamar mai tallan fura.

A Kiyako ƙofar gidan suna cike take maƙil, maza a tabarma, mata a soro. Rilwanu ya yi tsalle ya fito ya buɗe wa Inna ƙofa, kai a sunkuye. Wata ta hango Inna ta fara guɗa. Inna ta sako ƙafa, ta fito, ta miƙe.

Ɗankwali bai fito ba.

Nan marigayi ya yi numfashinsa na ƙarshe, fuuu, ya saki gaba ɗaya, ya feso garin soso ta ƙofa. Sai ga Inna tsaye a gaban jama'a, kai a buɗe, rawayan gari har gira, kamar tsiren da aka barbaɗa wa ƙuli. Mai guɗa ta sarƙe a tsakiya ta koma tari. Shi kuwa Rilwanu, wanda tun safe bai ɗaga kai ba, wannan daƙiƙar ya zaɓa ya ɗago ya ga me ya faru. Ido huɗu. Inna ta ja gyale ta rufe kai ta shige gida. Sai a lokacin Gwaggo ta farka.

"Mun iso ne? Kai yaro, wa ya shimfiɗa mana bargo a mota?"

A motar wani malamin makaranta Inna da Gwaggo suka koma gida.

Babban cin amanar kuwa sai da aka dawo da gawa aka gan shi. An zo cire ɗankwali, ya ƙi. An sa kananzir, an sa fetur, an sa ruwan zafi. Ƙarti uku sun ja, biyu sun faɗi. Gam ɗin da ya kasa riƙe yadi yini ɗaya a inda aka sa shi, ya riƙe ɗankwalin Inna kamar an yi walda. Rilwanu ya ɗauki abin ya kai wa Sabo ya shimfiɗa masa a kan kanta. Sabo ya ja, ya sake ja, ya gyaɗa kai.

"To ka gani? Ni dai na ce maka yana kamawa."

Marigayin ya rasu ya bar fil goma sha bakwai, da gwangwani biyu da babu komai a cikinsu, da 'yar fitilar tsakiya marainiya da ke lilo a jikin waya, da madubi wanda har yanzu ƙasa yake kallo. Ya kuma bar Zuwaira, wadda ta kwana biyu ba ta ɗaga waya ba, da ta ɗaga kuma dariya ta hana ta magana, daga baya dariyar ta koma kuka.

Ranar Alhamis Gwaggo Zulfa ta kira, ta ce a sa ta a lasifika kowa ya ji.

"Ummussalma ta ce ba ta ɗankwali take ba, tana da goma. Ta ce minti arba'in tana ɗauke da kayanka a ka, ko waiwaye ba ka yi ba. Haka za ka yi wa 'yarta?"

"Gwaggo, wallahi kunya ce."

"Ita ma kunyar ce ta hana ta zage ka, sai ta aiko ni. Maganar sa rana a bari sai bayan kaka. Kuma ta ji an ce kankare soso ne ka ƙi yi. Za ta zo da kanta ta ga ko hannunka ya iya."

Bayan kaka, jama'a. Yanzu ko gona ba a share ba.

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa a Unguwar Ya, gindin darbejiyar da aka yi tiyata. Ƙarfe takwas na safe Ɗanbala zai kwance allon rufin, ya zauna a gefe da shayinsa, ba zai taɓa komai ba. Rilwanu shi kaɗai zai kankare soson da buroshi, tun daga gaba har baya, a gaban Inna Ummussalma, wadda aka tanadar wa kujera a inuwa, inda babu komai a samanta sai ganye. Bayan la'asar za a kai mamaci makwancinsa a bolar bayan gida, ban da wani yanki mai faɗin faifai da aka yanke da almakashi tare da ɗankwalin, wanda za a miƙa wa mai shi a cikin leda.

Ana karɓar gaisuwa a cikin motar, ƙarƙashin tsurar ƙarfe, da tsakar rana, don kowa ya ɗanɗana rashin. Kada a zo da turare, kada a zo da Sabo. Duk wanda ya san dariya za ta kufce masa a gaban Inna, don girman Allah ya yi ta'aziyyarsa ta waya, domin bayan kakar ma ba a ce wace kaka ba.