Yadda Ake Zaɓar Akwatin Kwamfutar da Za a Iya Gudu da Ita

Kai mai son haɗa 'yar ƙaramar kwamfutar buga gem, matso kusa. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, tabbas za ka samu akwatin da ya dace da kayanka, ya dace da ɗakinka, kuma tsohuwarka ba za ta miƙa wa 'yan gwangwan shi ba. An gwada hanyar a kan mutum mai rai, Ubale ɗan Runka, kuma har gobe yana nan Batsari da ƙafafunsa, mai shakka ya je ya gani.

Ubale manomi ne da gona ta gagare shi, don hanyar zuwa cikinta ta koma hannun mutanen daji. Shi da mahaifiyarsa Inna Marka suka taso Batsari, suka raɓa a ɗaki ɗaya. Ɗan kawunsa Sufyanu, da tsadar mai ta sa ya rufe shagon gem ɗinsa a Katsina, ya bar masa kayan cikin kwamfuta a buhun fulawa da wata tsohuwar talabijin. Akwatin kuwa tuni aka ɗora shi a sikeli. Da rana tsaka makwabcinsu mai cajin waya yakan zuro musu wutar sola ta taga, sai Ubale ya baje kayan a tabarmar Inna ya kunna. Gem ɗaya yake bugawa, na noma. Ba ya harbi, ba ya tsere, ya ce waɗannan ya gansu a fili sun ishe shi.

Sai Inna ta kafa doka. Duk abin da ba za a sunkuta a tashi ɗaya a gudu da shi ba, ba shi da wurin kwana a ɗakinta. In ranar kasuwa ta zo hanjin ƙarfen nan yana baje a tabarmarta, za ta ba 'yan gwangwan su musanya mata da robar wanki. Ubale ya san ba ta wasa, don ya ga abin da ya sami kekensa.

Mataki na 1: Auna kayan ciki, kuma ka tsare ma'aunin

Jahili ne ke fara neman akwati. Gwani da katin hoto yake farawa, wato dogon ƙarfen nan mai fanka wanda ke zana abin da kake gani a talabijin. Shi ne ya fi kowa tsawo da girman kai, in bai shiga ba kowa ma ya haƙura.

Ba ka buƙatar awon tela. Sami karan dawa, ka jera shi da katin, ka karya daidai tsawonsa. Haka Ubale ya yi, ya jingine karan a bayan ƙofa ya tafi masallaci. Inna kuma tana neman abin tada wuta, ta ga kara a tsaye ba ya aikin komai, ta ɓalle kansa ta mayar da sauran inda ta same shi. Ubale ya dawo ya ɗauki ma'auninsa cikin natsuwa, har yana shafa shi.

Masana sun tabbatar cewa a gidan da ake girki da itace, ma'auni yana raguwa da kansa.

Mataki na 2: Kada ƙyalli ya ruɗe ka

Za a nuna maka hotunan manyan akwatuna masu gefen gilashi, cikinsu na walƙiya ja da kore da shuɗi. Kau da kai. Abin da ke haskaka unguwa yana faɗin inda yake, ba namu ba ne. Ubale ya daɗe yana kallon wani a wayar makwabcinsu, zuciyarsa na so, ƙafafunsa na tuna masa ranar da suka baro Runka.

Yi wa kowane akwati gwajin gudu. Za ka iya rungumarsa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da tsohuwa? Zai zauna a tankin babur ba tare da ya tokare wa direba haɓa ba? In akwati yana buƙatar mutum biyu su ɗaga shi, ɗayansu zai tsaya ya yi wa masu zuwa bayani, kuma ba kai kake son zama shi ba.

Mataki na 3: Je wurin mai walda, amma ka tafi da katin

Ubale bai tafi da katin ba, yana tsoron a gan shi da shi a hanya. Karan ya kai wa Muntaka mai walda a bakin tasha. Muntaka ya juya karan, ya ɗaga shi sama, ya rufe ido ɗaya.

"Mi za a sa ciki?"

"Kwamfuta."

"Tana cin gawayi?"

"A'a, amma tana zafi."

"To ai shi ke nan," in ji Muntaka. "Duk abin da ke zafi mun san gidansa."

Da Ubale ya koma karɓa, ya tarar da akwati mai ƙafa huɗu, da raga a tsakiya, da 'yar ƙofar kwashe toka. Nauyinsa ya kusa na ɗan maraƙi. Ya ciccibo shi gida yana nishi, ya zura katin, katin ya shiga ya bar gindinsa a waje daidai tsawon abin da Inna ta hura wuta da shi.

Inna ta zagaya akwatin, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Allah shi yi maka albarka, Ubale. Dama murhuna ya tsage." A ranar aka dafa fate a kai, kuma gaskiya ya nuna sosai.

Mataki na 4: Iska ita ce rai

Ƙaramin akwati yana tara zafi, don haka dole iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ubale bai yarda ba sai da ya gwada kular abinci. Ta wuce gwajin gudu, tana da hannu, tana da murfi, ba wanda zai kalle ta sau biyu. Sai dai an yi kula ne don ta riƙe zafi, kuma ta riƙe amana. Yana tsakiyar girbin alkama talabijin ta yi baƙi, wani wari ya taso kamar an ƙona takalmin roba. Ya buɗe murfin yana fifita da mafici yana salati, har Allah ya sa ta farfaɗo.

Daga nan ya koma akurkin kaji na masu gidan. Ta fuskar iska babu kamarsa a duk ƙasar Katsina. Matsalar ita ce akurki yana da mai shi. Kazar ta shigo ta tarar da ɗumi ba tare da ta wahala ba, ta haye kan tukunyar wutar kwamfutar, wato ƙarfen da ke raba wa kayan wuta, ta kwanta, ta kuma sari Ubale a yatsa da ya nemi sulhu. Kada ka zaɓi akwatin da wani ya riga ka haya.

Mataki na 5: Nemi matatar ƙura, amma ba a madafa ba

Fanka tana zuƙar duk abin da ke yawo, gari da gashin kaza da ɓawon gyaɗa. Ana tare su da raga mai laushi. A ɗakin Ubale raga mai laushi ɗaya ce, rariyar tankaɗen Inna, kuma ya yanki gefenta yana ganin ba za ta lura ba.

Ta lura tun kafin ya mayar da wuƙar.

"Ubale, wanga rami fa?"

"Ɓera ne, Inna."

"Ɓeran da ke yanka a miƙe, har da kusurwa huɗu? Gobe kasuwa. Na riga na ga robar da nake so, shuɗiya ce."

A nan duk wani littafin gwanaye ya ƙare. Ubale ba ƙarfen yake ji ba. A cikin ƙarfen nan akwai gonar da ya share da hannunsa, ya yi mata shinge, ya haƙa mata rijiya, kuma ita kaɗai ce gonar da yake iya zuwa.

Mataki na 6: Bari mai ɗakin ta ga abin da ke ciki

Wannan matakin kowa ke tsallakewa. Ubale ma ba da dabara ya yi shi ba. Da rana ta take aka zuro wuta, ya baje kayan a tabarma don ya yi ban kwana. Ya kunna, ya shiga gonar, ya kama huɗa a hankali. Inna tana gefe tana tsince wake, ta ɗaga kai don ta yi faɗa, sai faɗan ya tsaya mata.

"Gonar wa ce?"

"Tawa ce, Inna."

"Ina geron?"

"Masu abin ba su san gero ba. Alkama ce da masara."

"Allah sarki, talakawa." Ta matso, ta ajiye faifan waken. "Kai kuma ka bar tsakanin kunya haka fayau? Ubanka bai taɓa barin ƙasa tsirara ba. Sa wake."

Ya sa wake. Ta sa shi ya matsar da rijiyar, ta ce wanda ya haƙa ta kusa da turken shanu ba shi da tarbiyya. Ta tambayi wa ke karɓar kuɗin shiga kafin a yi girbi, ya ce ba kowa. Ta tambayi ƙarfe nawa ake barin gonar a gudo gida, ya ce sai mutum ya gaji. Ta zuba ido tana kallon masarar na kaɗawa, har aka janye wutar talabijin ta mutu, ba ta daina kallon gilashin ba.

Mataki na 7: Karɓi akwatin da aka ba ka, ka yi shiru

Da safiyar kasuwa Inna ta jawo babbar kwallarta daga ƙarƙashin gado, farar nan mai furanni ja da murfi. Ita kaɗai ta ɗauko a ka ranar da suka baro Runka, kuma ba ta taɓa bari a zuba miya a ciki ba, don irin geron gonarsu ke ciki, tana ajiye da shi sai an koma. Ta juye irin a tsohon ɗankwali ta ƙulle.

"Gwada nan. Da ƙarfen za ka gwada, ba da kara ba."

Katin ya shiga a karkace, ya zauna daram. Babban allon da ake jona sauran kayan a jikinsa ya kwanta a ƙasa, tukunyar wuta ta raɓa a gefe, murfi ya rufu.

"Inna, sai an huda ta fa. In aka huda ba ta ƙara riƙe iri."

"Na sani. Tashi mu je."

Muntaka ya karɓi kwallar da hannu biyu, ya gaishe da Inna har ƙasa, ya tambaye ta sau da yawa ko ta tabbata. Ya huda gefe da gefe don iska, ya huda baya don wayoyi, ya liƙa guntun rariyar a bakin fanka. A wannan karon bai yi mata ƙofar toka ba, ko da yake ya ba da shawara.

Saura gwajin gudu. Inna ta naɗa gammo, ta ɗora kwamfutar a ka, ta ratsa tsakiyar kasuwar Batsari da sauri ba ta ko riƙe ba, Ubale na bin ta yana haki. Mata biyu suka tambaye ta ko ɗanwake ne. Mai gwangwan ya ɗago shuɗiyar roba yana mata murmushi, ta wuce shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Da suka isa gida ta buɗe murfin, ta cusa ƙullin irin a wani lungu nesa da fanka, ta ce ɗumin zai hana ƙwari, kuma in gudu ya tashi gonakin biyu a kai ɗaya za su tafi.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In katinka ya ƙone, ko kaza ta kai ƙararka, ko tuwonku ya riƙa zuwa da tsakuwa saboda rariya ta huje, kai ka jiyo. Haka nan ba ruwansa in tsohuwarka ta ƙwace gonar. Ubale yanzu ɗan ƙwadago ne a cikin kwamfutarsa, shi ke danna maɓalli, Inna ke faɗin abin da za a shuka, kuma ta hana shi sayen tarakta, ta ce lalaci ne.

Ba a kuma ɗauki alhakin tambayoyin da akwati ba ya amsawa ba. Kullum kafin a janye wuta, Inna takan sa Ubale ya tuƙa ɗan mutumin cikin gem ɗin har ƙarshen shinge ta gabas, inda a gonarsu ta Runka wata tsamiya take, wadda mahaifinsa ke rataye gora a jikinta. Kullum Ubale yakan ce mata babu tsamiya a cikin wannan.

"Ƙara gaba kaɗan dai," in ji ta. "Ba ka kai ba ne."