Rasuwar Ɗan Shuɗi, Mai Share Akwatin Saƙo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kai kuma a sunkuye, Maman Yara mai ɗinki tana sanar da rasuwar Ɗan Shuɗi, maɓallin nan da ke shafin shagonta a waya.

'Yarta ta fari ce ta haɗa shi da 'yan layukan rubutun kwamfuta, don ta ga uwar tana fama da goge saƙo harafi bayan harafi. Aikinsa ɗaya ne. A taɓa shi, ya ce ƙit, ya lulluɓe duk rubutun da ke akwatin saƙo da shuɗi, sabon rubutu ya hau ya shafe tsoho. Bai taɓa ƙorafi ba, ko da yatsan da ya taɓa shi akwai man keke.

Marigayin ya san sirri. A akwatin nan Maman Yara ke ajiye wa kanta bayanin masu kawo ɗinki, shi kuma ya binne kafin a tura wa na gaba saƙo.

Ciwon ajali ya kama shi bayan wayar ta sabunta kanta ba da izinin kowa ba. Sai ya koma lulluɓe layin farko kawai, sauran ya bar su. Ƙit ɗin dai yana nan, shi ya sa ba ta duba ba. Haka ta tura wa surukarta Inna, uwar maigida, cewa riga ta kammalu, a ƙasa ga ragowar bayanin wata: ta yi ƙiba, a ƙara awo, kada a faɗa mata.

Wallahi ba da Inna ake ba. Amma faɗin sunan mai ƙibar gulma ce ta biyu, Maman Yara kuwa ta farkon ma tana kan istigfari. Inna dai ta karanta.

Ya rasu ya bar keken ɗinki, almakashi, da akwati cike da abin kunya.

Za a yi jana'iza yau bayan La'asar, 'yar za ta goge layukansa. Ba za a roƙa masa gafara ba tunda ba rai gare shi ba, a roƙa wa mai shi. Babu zaman makoki, don daga nan gidan Inna Maman Yara za ta wuce da rigar, ta durƙusa ta amsa laifin a yadda aka karanta shi.

Rigar dai an ɗan buɗa ta a kugu. Kada a faɗa mata.