Rasuwar Madubin Lissafi da Aka Yi wa Ƙazafi

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, amma da kai a ɗage, ni Kinasih Wardani, ɗalibar aji biyu a babbar sakandare nan Pekalongan, nake sanar da 'yan ajinmu da sauran masoya lissafi rasuwar ƙaramin madubina. Ya cika ranar Litinin da hantsi, bayan taron ɗaga tuta.

Ajali ya riske shi a wurin binciken jaka. Bu Sutarmi, wato Malama Sutarmi mai ladabtarwa, ta hango shi a hannuna.

"Kayan kwalliya. Miƙo shi nan."

"Ba zan bayar ba, Bu. Kayan lissafi ne."

"Lissafin ƙurajen fuska?"

Aji ya kwashe da dariya. Ta ja, na riƙe, ta ƙara ja. Marigayin, wanda bai taɓa son rigima ba, ya suɓuce ya sauka a siminti. Maganarsa ta ƙarshe ita ce tas.

Ya fara aiki ne a rumfar rinin mahaifiyata, inda ya shekara goma sha ɗaya. Takan zana rabin fure a jikin yadi, ta tsayar da shi a gefe, shi kuma ya nuna mata ɗaya rabin. A can ya rasa mariƙinsa. Da muka shiga darasin sauya wa siffofi mazauni, ya koma jakata. In na zana alwatika, na kifa ta a ƙetaren layi, sai in ɗora shi a kan layin in tambaye shi. Bai taɓa rufa mini asiri ba. Dama yakan mayar hagu, amma bai taɓa mayar da kuskure daidai ba. Na yarda, sau biyu ko uku na duba barkono a haƙorina da shi. Wannan tsafta ce, ba kwalliya ba.

Ya rasu ya bar kamfas ɗin zana da'ira mai sakakkiyar ƙafa, da rula mai tabon haƙori, da ma'aunin kusurwa da lambobinsa suka goge, sai 'ya'ya bakwai da muka tsince a ƙasa, kowanne kamarsa sak.

Bayan rasuwar aka ba ni takarda in sa hannu cewa na shigo da kayan kwalliya makaranta. Na ƙi. Kwana uku ina tsayuwa a gindin tuta lokacin tara, rana na dukana, ƙawayena na cin soyayyar ayaba a inuwa. Pak Sarwono, wato Malam Sarwono mai koya mana lissafi, ya same ni a can.

"'Yata, kalma biyu ce fa. Sa hannu mu wuce wurin. Wa zan kai gasa in ba ke ba?"

"Pak, ku kuka koya mana cewa ko an juya siffa, ko an gusar da ita, ita ce dai. To, ta duk inda aka juya shi, madubin lissafi ne."

Ya sosa ƙeya, ya ce ba haka ya so in fahimci darasin ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, a bayan rumfar rininmu. Za a naɗe shi a takardar zane mai gida-gida, a kwantar da shi daidai tsakiyar itatuwan mangwaro biyu, kada wani ɓangare ya fi wani. Akwai shayi mai zaƙi. Masu zuwa su sako takalmi saboda ɓarɓashi.

Zan karɓi gaisuwa da kaina, domin ina gida. Motar gasar lissafi ta jiha za ta tashi zuwa Semarang da ƙarfe bakwai na safiyar Asabar ɗin, kuma an cire sunana saboda na ƙi sa hannu. Wata takwas na yi ina shiri. Takardar tana teburin Bu Sutarmi, babu sa hannu.