Zomon da na zaɓa da hanci

Ni ko kyanwa ce ta gitta ta ƙofar gidanmu sai na yini ina atishawa. Shi ya sa da na ce zomo nake so, Baba ya ce, "Ka yi atishawa ɗaya, ya shiga tukunya."

Ni kuwa akwai basira. Na tafi Kwalkwalawa wurin wani mai kiwo, na riƙa ɗaga zomaye ina shinshinawa kamar mai zaɓen turare. Na ɗauki wani fari tas, don a bincikena farin gashi ba ya cutarwa. Na cusa shi cikin riga, na hau kabu-kabu.

Kafin mu iso Ƙofar Taramniya, idanuna sun ƙanƙance, leɓuna sun yi suntum. Da na isa gida na yi sallama, Inna ta dube ni, ta gyara mayafi.

"Bawan Allah, wa kaka biɗa?"

Amma wallahi ban yi atishawa ba! Na danne ta har da hawaye. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce zomo ya tsira, sai dai ƙanwata ce za ta riƙe shi.

Har yau in na shigo gida, sai ta ruga tana cewa, "Inna, kin yi baƙo!"