Yadda Ake Wanke Jinin Suruki da Man Kifi

In kina son surukinki ya riƙa sa miki albarka gaban jama'a, ki bi matakan nan, ba za su ba ki kunya ba. Na ga Tsahara matar wana ta bi su ɗaya bayan ɗaya a gidanmu na Dogarawa, a kan babanmu Malam Sallau.

1. Ki jira lokotoro ya yi magana

Jiri ya dami Baba, aka kai shi likita wurin lokotoro, aka ɗibi jini, aka ce kitse ya yi yawa a ciki. Lokotoro ya hana shi man shanu da tsire har wata uku. Ya ce, "In ya sauka, ka ci naman layyarka." Baba kuwa tun da ya yi gida bai taɓa rasa hantar ragonsa ba. Nan ne ƙofarki.

2. Ki samo kwalba

Ki je kasuwar Konni wajen masu tebur. Ki zaɓi ƙwayoyin nan masu ruwan zuma, da hoton kifi a jikin kwalbar. Rubutun Turancin Najeriya ne, ba ki iya ba, mai sayarwa ma bai iya ba. Ba komai. Hoto ya isa ilimi.

3. Ki durƙusa ki yi bayani

Ki sunkuyar da kai kamar mai kunya. Ki ce, "Baba, wannan man shiga jini yake ya kori wancan. Ka taɓa ganin kifi mai teɓa?"

Zai ce, "Wallahi ban taɓa ba, 'yar nan."

Shi ke nan, kin fi lokotoro.

4. Ki buɗe masa tukunya

Ki ce ƙwaya ɗaya tana kashe ludayin man shanu ɗaya. In tsire ne, biyu. In ƙanwar mijinki ta matso ta ce a hankali, "Amma ai an hana shi," ki ɗaga murya: "Ke da kika bar lakwal a aji uku?" Za ta koma bakin turmi. Na san za ta koma.

5. Kada ƙarni ya dame ki

Zai riƙa gyatsar kifi har a sahun masallaci. Inna Uwani, matarsa ta shekara arba'in, za ta ja tabarmarta gefe, ta ce, "Malam, tafki ka sha?" Ki ce dattin ne ke fita.

6. Ranar awo ki tashi da ciwon kai

Ki bar mijinki ya raka shi. Wana Sanusi ya ce lokotoro ya daɗe yana duban takarda. Ya ce man kifin ba laifi, yana iya taimakon mai kiyaye bakinsa. Sannan lokotoron ya cire tabarau. "Amma kai Malam, saniya ka haɗiye?" Kitsen ya wuce na da. Ba nama, ba romo, sai bayan wata shida.

7. Ranar Sallah ki nemi ɗaki

An gicciye raguna a kan itace kewaye da wuta, kitse na ɗiga, ƙamshi ya cika unguwa. Baba na zaune da kwanon zogale, ko ƙuli ba a sa ba. Aka kawo hanta aka tsaya, an rasa wanda za a miƙa wa.

Ya ce, "Ku kai wa lokotoron gidan nan. Ta ci, ta bi da ƙwaya huɗu."

Tsahara ba ta fito ba sai da aka wanke kwanoni.

Ni dai abin da na gani na rubuta. Wadda ta bi matakan nan surukinta ya daina amsa gaisuwarta, kada ta zo ƙofarmu. Ban aike ta ba, kuma ko ta zo ba na iya magana da baƙi.