Wa Ya Kama Bijimin Urafane?

A shekarun da ake magana a kansu, kasuwar Urafane ba ta da rumfunan kwano. Rumfunan kara ne a jere. Ta gabas ake cinikin dabbobi, ta yamma kuma akwai wani babban gawo inda mata masu ƙosai da fura ke zama da goyonsu. Tsakanin wuraren biyu babu katanga, sai fili. A filin nan ne wani bijimi ya tsinke igiya wata ranar kasuwa, kuma tun daga ranar ake kiran Na Allah da sunan Riƙe-Ƙaho.

Bana gidan rediyon karkara ya shiga ɗaukar labaran dattawa, aka sa wa Na Allah rana. Sai dai ma'aikacin rediyon ya nemi shaida ta biyu, kuma cikin waɗanda suka gani da ido babu wanda ya rage a garin sai Zara'u, ɗiyar kawun Na Allah, wato taubashiyarsa, wadda ba ta taɓa barin maganarsa ta sauka ƙasa lafiya ba. Ana gobe za a ɗauka, da hantsi, sai ga shi a tsakar gidanta da zabuwa a hammata.

"...da iyali, da gwiwar nan taki mai ƙara kamar tsohuwar amalanke?"

"Lahiya lau, bawana. Mi ka ƙunso haka kamar ɓarawon kaji?"

"Zabuwa ce. Na ga baiwar gidanmu ta rame, na ce bari in yi sadaka."

"Wannan zabuwa ce, ko tsintsiya aka liƙa ma baki? Ta girme ka, Na Allah. Ita ma ta ga bijimin, a kai ta rediyo."

"Ashe kin ji."

"Ruwa ba ya tsami banza. Kai da ko ɓarin goro sai ka yi shawara da aljihu?"

Ya zauna bakin turmi, ya danne zabuwar da gwiwa.

"Abu kaɗan nake so. Gobe in na gama, ki ce 'haka aka yi', ki rufe wannan bakin."

"To faɗi yadda aka yi, in ji."

Na Allah ya miƙe zumbur, ya gyara hula.

"Rana tsaka! Kasuwa ta cika ta batse. Sai ihu! Bijimi baƙi wuluk, tozonshi kamar rumbu. Maza suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya bar matarshi. Ni kaɗai na tsaya. Na dube shi, ya dube ni..."

"Dakata. Daga nan kake farawa?"

"Daga ina ake farawa?"

"Daga safe, lokacin da ka ari babbar rigar yayanka Jatau don Khadija mai fura ta kalle ka. Ka shigo kasuwa kamar bukka ta yi ƙafafu."

"Wa ya tambaye ki riga?"

"Ai riga ce ta kama bijimin. Ina bayan kaskona ina kallo. Ba shi kake duba ba, Khadija kake duba, kana gyaran gemun da bai hito ba. Bijimi ya gifta, ƙaho ya shige hannun riga. Sai muka ga riga tana gudu, da mutum a ciki yana kiran uwarshi."

"Kabbara nake!"

"Kabbarar da ke farawa da 'wayyo Inna'? A wane masallaci?"

"Ke daga baya kika hango, cikin hayaƙin mai, da idon nan naki da ba ya bambanta jaki da liman. Ni da ke wurin na san hannuna ya kama ƙaho!"

"Ya kama mana. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa mashi sai ya kama."

Ya kamata a lura cewa har zuwa nan babu wanda ya ƙaryata wani. Riga ta tabbata, ƙaho ya tabbata, hannu ma ya tabbata. Abin da ya raba su shi ne inda kowa ya tsaya a filin, da inda kowa ya ɗauko zaren labarin. Wanda ya fara da ihu jarumi yake nunawa. Wadda ta fara da rigar aro saurayi take nunawa.

Na Allah ya koma ya zauna, muryarsa ta sauka.

"Zara'u, jikana Hisham ya gama shela a lakwal, gaban 'yan ajinsu, cewa za a ji kakanshi a rediyo. Kuma Khadija, da na aura daga baya, har ta koma ga Allah da wannan sunan take kirana. In kika kwance mani shi gobe, mi ya rage?"

Zara'u ta ajiye waken da take tsinta.

"Na ji inda kake farawa. Ina kake tsayawa?"

"Inda aka ɗauke ni sama ana guɗa."

"Shi ya sa labarinka ba gishiri. Ka tsallake tsoka, ka tahi ga ƙashi. A tsakiyar hili rigar ta kece, ko ba ta kece ba?"

"Ta kece. Jatau bai yafe ba har ya mutu."

"To riga ta sake ka, kai ba ka saki ba. Da ka buɗe hannu, ka faɗi gefe lahiya lau. Amma bijimin gawo ya nufa, inda muke. Ga mai yana tafasa gabana, ga ɗana Lawali a bayana ko zama bai fara ba. Sai na ji 'wayyo Inna' ta tsaya, na ji 'Zara'u, kauce da yaron!' Ka murɗe wuyan bijimin, kuka zube tare, har ƙasa ta cika mani kasko."

Na Allah ya saki baki.

"Ni na ce haka?"

"Kai ka ce."

"Wallahi ban tuna ba. Ƙaho kaɗai nake gani."

"Ɗan dambe ba ya kallon dambenshi."

"To ke, muguwa, shekara da shekaru kina zaune kan wannan kamar kaza kan ƙwai?"

"Da na faɗa maka tun tuni, wace hula za ta shiga wannan kan?"

Ya sake miƙewa, har zabuwar ta kusa kuɓuce masa.

"Shi ke nan! Gobe ke za ki ba da shi. Yabon kai jahilci. Amma ki cire rigar."

"Ban cirewa. In ban sa sun yi maka dariya ba, wa zai yarda da ni in na yabe ka? Za a ce zabuwa ce ke magana."

"To cire 'wayyo Inna' kaɗai."

"Nan ne ma zan ɗaga murya."

"Allah ya isa tsakanina da kawuna da ya haife ki!"

"Amin, ya haɗa da gwaggona da ta haifi mai kiranta a kasuwa."

Na Allah ya yi dariya har da riƙe ciki, ya miƙa mata zabuwar.

"Karɓi, mayya. Kin ci ni da rai."

"Kawo 'yar'uwarta mai tsoka, in rage tsawon ihun."

Washegari aka ɗauki labarin daga bakin Zara'u, da rigar, da ihun, da gawon. Na Allah yana gefenta, kuma da ta kai ƙarshe shi ne ya ce haka aka yi.

Saura mutum guda. Mai bijimin, wani makiyayi da ake kira Mamudu, yana nan da ransa a wajen garin El Allassane Maïreyrey, kuma an ce a nasa labarin dabbar ta durƙusa ne don ta ji fito daga bakin ubangijinta. Na Allah ya ce hanyar ba ta biyuwa da moto. Zara'u ta ce za ta biyu da amalanke. Har yanzu ba a je an ɗauki nasa ba.